RA'AYINMU: Karatun Nas A Kumasi, A Fara Ƙwanƙwasa Ƙofar Gwamnati Kafin A Taɓa Jari

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito, akwai wata muhawara da ke tashi a gidajen Zango, tun daga Anloga har Aboabo da Asawase da Sabon Zango. Muhawarar kuwa ba ta tsayawa a Kumasi, domin sau da yawa uban yarinyar da ake magana a kanta yana can Aflawo ko Paga ko Sinkasi yana jiran kwastan su sallami motarsa, ta waya ake kai masa ƙara. Yarinya ta gama sakandare, ta ce aikin nas take so. Uwa ta ce a kai ta makarantar kuɗi a huta da jira da zirga-zirga. Kawu ya ce kuɗin ya yi yawa, a nemi ta gwamnati. Shi kuwa Alhaji da zai biya, abin da ya sani kawai shi ne za a taɓa masa jari na shekara uku ko huɗu, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa lissafin abin da zai saya da wannan kuɗi.

Matsayinmu a kan wannan batu a fili yake. Duk ɗan kasuwar da ɗiyarsa ko ɗansa ke son karatun jinya ko na ungozoma, ya fara neman kwalejin gwamnati tukuna, ko da kuwa za a tura yaron wani gari mai nisa, ko da kuwa sai an jira shekara guda. Makarantar kuɗi ta zama mafita ta biyu, kuma kada a shige ta sai an tabbatar da rajistarta, an kuma tabbatar cewa za a iya biyan kuɗinta har ƙarshe ba tare da an karya uwar kuɗi ba.

Kafin mu kawo hujja, ya kamata mu yaba da cewa yau irin wannan gardama ce ake yi a Zango. Kakanninmu fataken goro da suka biyo hanyar Gwanja, suka taru a Kumasi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigowar Turawa a 1896, sun gina kasuwa da masallaci da makarantar allo, amma sun daɗe suna ɗari-ɗari da boko, musamman ga 'ya'ya mata, saboda mafi yawan makarantun na mishan ne. Sakamakon haka kowa ya gan shi: tsohuwa ta je asibiti, ba ta jin Turanci, Tuwi ɗinta na ciniki ne kawai, ta rasa wadda za ta gaya wa ciwonta da harshen da take mafarki da shi. Ita kanta Anloga, wadda ta samo sunanta daga mutanen Ewe da suka zo daga gabar teku, aka kuma san ta da kafintoci kafin a mayar da mafi yawansu Sokoban, unguwa ce ta masu cin abinci da guminsu, 'yan arewa da Hausawa da sauran ƙabilu a cakuɗe. Tun da aka fara sakandare kyauta a Gana a watan Satumba na 2017, 'ya'yan irin waɗannan gidaje sun ƙara yawa a cikin masu kammala sakandare. Saboda haka muna son nas-nas daga Zango, muna kuma son su da yawa. Damuwarmu ita ce kada neman wannan alheri ya tsiyata gida.

Mutumin Anloga bai rasa zaɓi ba. Idan ya shiga turoturo ya nufi Bantama, zai tarar da Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda tsofaffi ke kira Ji, mai gadaje fiye da dubu, kuma a jikinsa ne kwalejin horar da nas da ungozoma ta Kumasi take, wadda aka kafa tun 1957. Idan ya yi gabas kaɗan daga mahaɗar Anloga, ga jami'ar KNUST da ke ba da digirin jinya na shekara huɗu. A cikin yankin Ashanti kaɗai akwai kwalejoji a Mampong da Agogo da Offinso da Kwadaso da Tepa da Kokofu da Fomena, wasu na gwamnati zalla, wasu na mishan amma a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, kuma duk da fom ɗaya ake nemansu ta intanet. A arewa ga Tamale da Yendi da Bolgatanga da Nalerigu da Jirapa. A ɓangaren masu zaman kansu kuwa akwai irin su jami'ar Garden City da ke Kenyase da jami'ar Christian Service, da wasu ƙanana da dama. A kwalejojin Ma'aikatar Lafiya difloma shekara uku ce, an kuma san su da satifiket na mataimakan nas na shekara biyu. Sharaɗin shiga difloma shi ne kiredit a Turanci da lissafi da kimiyya, da wasu darussa uku na zaɓi.

To, mu zo kan kuɗi, tunda da 'yan kasuwa muke magana. Kwalejin gwamnati ba kyauta ba ce, ana biyan kuɗin makaranta da na kwana da na yunifom da littattafai. Amma gwamnati ce ke biyan albashin malamai, ita ta gina azuzuwa, don haka abin da ke faɗowa kan uba kaɗan ne idan aka gwada da makarantar da komai nata, daga albashi har man janareta, daga aljihun iyaye yake fitowa. Bugu da ƙari, ɗalibin kwalejin gwamnati yana da alawus, wanda ɗalibin makarantar kuɗi ba ya samu. Sannan a 2025 gwamnatin Shugaba John Mahama ta ƙaddamar da shirin ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu a manyan makarantun gwamnati, har da kwalejojin jinya. Wannan ma bai shafi makarantun kuɗi ba.

Sai dai muna gargaɗin kada kowa ya ɗora tukunyarsa a kan alawus. Tarihinsa ya isa darasi. Gwamnatin Mahama ta farko ta soke shi, ya zama abin yaƙin neman zaɓe a 2016, gwamnatin Nana Akufo-Addo ta dawo da shi a 2017 a kan sidi 400 a wata. A lokacin sidi 400 ya kai kusan dala 90. Zuwa ƙarshen 2024, da dala ta haura sidi 15, wannan 400 ɗin bai kai dala 30 ba, ga shi kuma ɗalibai sun sha yin watanni suna bin bashinsa. Abin da 'yan siyasa suka ba ka a kan dandamali, suna iya karɓewa a kasafin kuɗi. A ɗauke shi a matsayin gyara da mai awo ke ƙarawa a kan mudu. Ko babu shi, kwalejin gwamnati ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yadda ake yanke shawarar makarantar kuɗi da cinikin wata guda. Kasuwa ta yi kyau, mota biyu ta sauka lafiya, Alhaji ya ji aljihu da nauyi, ya ce a je a biya. Alhali kuwa kuɗin makaranta ba ya sanin damina ko rani, duk zangon karatu sai ya zo, kuma hawa yake yi. Mai karatu ya tuna abin da ya gani da idonsa a 'yan shekarun nan. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020, a tsakani kuma annobar korona ta sa Gana ta rufe nata. A 2022 sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, har ƙasar ta koma wurin Asusun Lamuni na Duniya neman dala biliyan 3. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, duk mai jari da naira ya wayi gari kuɗinsa ya zube. Wata guda bayan haka sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyakoki, motocin albasar Galmi da ke zuwa Kumasi suka maƙale a hanya, kaya ya ruɓe a cikin buhu. Duk waɗannan a cikin shekara huɗu suka faru, wato daidai tsawon digiri ɗaya. Wanda ya sa 'yarsa makarantar kuɗi a 2019 da ƙarfin ciniki, sai da ya ratsa su duka kafin ta karɓi takarda.

Kuma karatun da aka katse a tsakiya ya fi wanda ba a fara ba ciwo. Yarinyar da ta yi shekara biyu aka kore ta saboda bashi ba ta da lasisi, ba ta da takarda, kuɗin da aka zuba kuma ba ya dawowa. Buhun shinkafa idan ciniki ya ƙi, ana karyar da shi a sami wani abu. Rabin digiri ba shi da mai saye.

Ba mu ce makarantun kuɗi ba su da amfani ba, kuma ba mu zargin kowace da wani laifi. Suna cike giɓi na gaske. Fom ɗin gwamnati sau ɗaya ake sayar da shi a shekara, masu nema sun ninka guraben da ake da su, kuma bayan fom akwai ganawar baki da baki da ake tantance ɗalibai. Yarinya mai sakamako mai kyau tana iya nema ta rasa. Makarantar kuɗi kuwa ta fi saurin buɗe ƙofa, wasu suna ba da digiri kai tsaye, wasu suna barin ɗaliba ta riƙa zuwa daga gida, abin da ke kwantar wa iyaye da yawa hankali. Su ma kwalejojin gwamnati suna da nasu cikas: cunkoso a aji da ɗakin kwana, ƙarancin kayan koyo a wasu wurare. Wanda Allah ya hore masa, yana da gidan haya ko wata hanyar samu da ba ta dogara da buɗewar iyaka ba, idan ya zaɓi makarantar kuɗi mai rajista, bai yi laifi ba.

Amma ya san abin da kuɗinsa ba zai saya ba. Ba zai sayi lasisi ba. A Gana babu mai taɓa majinyaci da sunan nas sai ya ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda ke aiki a ƙarƙashin dokar 2013, kuma jarrabawa ɗaya ce ga kowa, ɗan makarantar tsada da ɗan makarantar araha a kan kwamfuta iri ɗaya suke zama. Haka nan kuɗi ba ya sayen marasa lafiya. Aikin jinya a gefen gado ake koyonsa, da sa allura da ɗaura ruwa da karɓar haihuwa da wanke gyambo, kuma mafi yawan gadajen ƙasar nan a asibitocin gwamnati da na mishan suke. Shi ya sa makarantun kuɗi da yawa su ma can suke tura ɗalibansu koyon aiki. Bene mai tayil da bas mai ɗauke da sunan makaranta suna burge ido ranar da aka je kai yarinya, amma tambayar da ya kamata uba ya yi ita ce: a wane asibiti za ta koyi aiki, kuma cikin ɗaliban da kuka tura jarrabawar lasisi bara, nawa suka ci a zama na farko? Makarantar da ta yi ta kwana-kwana a kan wannan tambaya ta riga ta ba ka amsa.

Batun rajista kuwa ba abin wasa ba ne. Hukuma biyu ce ke da ta cewa: GTEC, wadda aka kafa a 2020 don kula da manyan makarantu, da kuma ita Hukumar Jinya da Ungozoma. Dole makaranta ta sami amincewar duka biyun, kuma amincewar ta shafi ainihin kwas ɗin da za a karanta, domin makaranta tana iya samun izinin koyar da wani fanni ba ta da na ungozoma. Dukansu suna da jerin sunayen makarantun da suka amince da su, kuma duk yaron da ke da waya zai iya dubawa. 'Yan'uwanmu na Nijeriya sun ga abin da sakaci da wannan ke jawowa. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu na jaridar Daily Nigerian, ya fallasa yadda ya sami digiri a Kwatano cikin mako shida, kuma a watan Janairu na 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Waɗanda suka yi karatun gaskiya a can ma abin ya shafe su. Ɗan kasuwar da ba ya karɓar atamfa sai ya duba bakinta, bai kamata ya biya kuɗin shekara huɗu a kan allon da aka kafa a bakin titi ba.

Haka kuma a yi hattara da dillalan gurbi, masu cewa suna da hanya a ma'aikata, a kawo kaza a sa sunan yarinya. Wanda ya ba su kuɗi ba shi da rasit, ba shi da inda zai kai ƙara, kuma ko da abin ya yiwu, gurbin 'yar wani talaka aka saye.

Yanzu ga maganar da masu tallar makarantu ba sa son a yi. Takardar nas ba ta nufin albashi washegari. Bayan lasisi akwai shekara guda ta hidimar ƙasa a asibiti, bayan ta kuma sai jiran Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin ɗaukar ma'aikata. A nan ne layin yake. A 2025 Ministan Lafiya Kwabena Mintah Akandoh da kansa ya amsa cewa ma'aikatan lafiya dubun-dubata ne suka gama karatu suna zaune a gida, wasu shekara da shekaru. Waɗanda suka fito daga makarantun kuɗi sun ɗanɗani wannan jira tun da wuri, domin a 2017 da 2018 sun yi ta zaman dirshan a harabar Ma'aikatar Lafiya a Ankara suna neman a ɗauke su kamar takwarorinsu na kwalejojin gwamnati. Waɗanda ke bakin aikin ma ba a kan gadon fure suke ba, shaida ita ce yajin aikin da ƙungiyar nas da ungozoma ta yi a duk ƙasar a watan Yuni na 2025 a kan sharuɗɗan aiki. To idan duka biyun layi ɗaya za su bi, wanda ya kashe kaɗan ya fi iya jure jira. Wanda ya ci bashi ko ya sayar da rumfa da tunanin albashin yarinya zai biya, shi ne zai fara ganin tasku.

Wasu za su ce ai don Ingila ake yi. Gaskiya ne a 2022 kaɗai nas-nas 'yan Gana fiye da 1,200 suka shiga rajistar aikin jinya ta Ingila, kuma a 2020 gwamnati da kanta ta tura wasu Barbados. Amma Gana da Nijeriya da Nijar duk suna cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, wanda ya sa Ingila ta hana kamfanoninta zuwa ɗibar ma'aikata daga cikinsu kai tsaye, sai dai mutum ya nema da kansa, ya ci jarrabawar Turanci da ta aiki da kuɗinsa. A 2024 aka hana masu bizar kula da tsofaffi tafiya da iyali, a 2025 kuma aka rufe wannan ƙofar ga sababbin masu nema daga waje. Dokar ƙasar wani ba a gina lissafin gida a kanta. Kuma su can ɗin ma lasisin Hukumar Jinya ta Gana suke fara tambaya.

Mun san ainihin abin da ke tura iyaye da yawa makarantar kuɗi ba ya rasa nasaba da tsoron nisa. Uba ba ya son 'yarsa budurwa ta kwana a Jirapa ko Nalerigu. Muna girmama wannan kishi, amma muna tunatar da shi cewa shi kansa yana da maigida ko abokin ciniki a kusan kowane zango daga Kumasi har Paga, kuma amanar da ake ba mutum ta motar kaya ana iya ba shi ta yarinya ya riƙa leƙa ta. Batun hijabi da salla ma abin tambaya ne tun kafin a biya ko kwabo, a makarantar gwamnati ko ta mishan ko ta kuɗi. An yi ta ce-ce-ku-ce a kansa a 2015, har gwamnati ta fito ta ce kada a tilasta wa Musulma cire hijabi a makaranta ko wurin aiki, kuma a 2019 mata Musulmi sun yi tattaki a nan Kumasi a kan wannan magana. A je a ga shugaban makaranta, a tambayi ɗaliban Musulmi da ke ciki yadda ake yi da su a aji da kuma a ɗakin majinyata.

Ga 'yan'uwanmu da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe kuwa, waɗanda iyalinsu rabi na Kumasi rabi na Maraɗi ko Sakkwato, a tuna cewa rangwamen gwamnati da alawus na ɗan ƙasa ne, baƙo kuɗinsa daban ne. Kuma lasisi ba ya tsallake iyaka kamar buhun goro. Wadda ta yi karatu a Gana tana son aiki a Nijeriya sai ta sake rajista da hukumar jinya ta can, wadda za ta zauna a Nijar kuma aikin asibiti da Faransanci ake rubuta shi. A fara yanke shawarar inda yarinya za ta zauna, musamman idan akwai maganar aure a gaba, sannan a zaɓi makaranta.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Jinya da su riƙa buga sakamakon jarrabawar lasisi makaranta-makaranta a jaridu, a kuma karanta shi a gidajen rediyo da Hausa da Tuwi da Dagbanci, domin uban da bai yi boko ba ya san inda zai kai kuɗinsa. Muna kuma kira ga Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da doka a 2017, da ya ware wani kaso bayyananne don ɗaliban jinya da ungozoma, a san yawansa, a san waɗanda suka samu. Sarakunan Zango da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan goro da 'yan shanu kuma, ba sai sun jira gwamnati ba. Ranar da Ma'aikatar Lafiya ta fara sayar da fom, a sanar a masallatan Juma'a na Anloga da Aboabo da Asawase, a samo nas biyu ko uku 'yan unguwa su zauna da yaran su cika shi tare, su nuna musu kwalejojin da ba a cika rububinsu ba, su kuma koya musu yadda ake amsa tambaya a gaban masu tantancewa.